Zauren Masu Jita: Wace Feda Ce Gaba, Wace Ce Baya?

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan watan kusan duk a kan fedoji suka faɗo, wato ƙananan akwatunan nan da mai jita ke jerawa a gabansa yana takawa da ƙafa don ya sauya muryar jitarsa. Na tsamo bakwai. Bawan Allahn da ya aiko saƙo har sau huɗu yana neman in ba shi aron amfilifayata "na sati ɗaya kacal", ina gaishe shi da kyau.

TAMBAYA: Kawu, ina gaisuwa. Ina kaɗa jita a bukukuwan aure a nan Agadas. Wani abokina ya kawo mini tsarabar fedoji uku: Boss DS-1 mai ruwan lemo, da Boss DD-3 mai eko, da wata wawa, mai sa jita kukan "wa-wa". Na jona jita cikin DD-3, daga nan DS-1, daga nan wawa, sai amfilifaya. Kowace ita kaɗai tana da daɗi, amma da na taka biyu tare sai sautin ya rikice kamar kasuwar dabbobi ranar cinta. Jabu aka sayo mini ne?
Daga wani matashi, Agadas.

AMSA: Ɗana, fedojinka lafiyarsu lau, kada ka ɓata da abokinka. Jerin ne ka yi shi a juye, tun daga kai har ƙafa.

Ka lura da aikin tuwo a gida. A surfa, a niƙa, a tankaɗe, sannan a tuƙa. Ba a taɓa tankaɗe kafin niƙa ba, ko da rariyar ta fi ta kowa kyau a unguwa. Haka fedoji suke. Feda ba ta san jita ba, ba ta san kai ba. Abin da wadda ke gabanta ta miƙo mata, shi kaɗai take aiki a kansa.

To mene ne aikin DS-1? Tana ɗaukar sautin da ya shigo ta kumbura shi sosai, sannan ta datse masa kai. Datsewar nan ita ce kaushin da kake ji, wanda ake kira distoshin. Amma akwai abin da ke biyo baya: da mai ƙarfi da mai rauni, duk sai ta matse su su fito kusan kai ɗaya. Ita kuwa DD-3 aikinta ta maimaita abin da ka kaɗa, kowane maimaici ya fi na bayansa sanyi har ya ɓace. Da ka sa ta a gaba, sai ta riƙa miƙa wa DS-1 sabon bugun da ka yi haɗe da ragowar na baya guda uku ko huɗu. DS-1 ta ɗaga ragowar nan su yi daidai da sabon, ta cusa su duka ta ƙofa ɗaya. Muryoyi daban-daban in suka shiga distoshin lokaci guda, faɗa suke yi, har su haifi wasu muryoyin da kai ba ka kaɗa ba. Kasuwar dabbobin ke nan.

Juya su: jita, wawa, DS-1, DD-3, amfilifaya. Yanzu kaushin zai sami bugu ɗaya tsaf ya yi aikinsa, eko kuma ya maimaita shi yana janyewa a hankali yadda ya kamata.

Wani abu da ke ruɗar sababbin shiga: a fedojin Boss, da ma yawancin fedoji, ramin INPUT yana hannun dama, OUTPUT yana hagu. Saboda haka in ka tsaya a kansu, sauti daga dama yake tafiya zuwa hagu. Ka karanta su kamar ajami, ba kamar boko ba. Na sha ganin yaro ya jera su daidai a tunaninsa, daga hagu, sannan ya kama lanƙwasa wayoyi suna tsallake juna kamar taliya.

In Allah ya hore maka ƙari nan gaba, jerin da aka fi bi shi ne: mai saita tsirkiya a farko, sai wawa, sai kwamfiresa mai daidaita ƙarfin sauti, sai masu kaushi, sai masu kaɗa sauti irin su koras da feza, sai eko, sai ribab a ƙarshe, wato mai sa ka ji kamar a cikin babban ɗaki kake. Ba aya ba ce, al'ada ce da ta zauna saboda tana aiki. Wawa musamman, gwada ta gaba da bayan DS-1 ka ji da kunnenka. A gaba tana yin magana kamar maƙogwaron mutum. A baya tana yanka da kaifi, wani na so, ni dai tana sa mini ciwon kai. Sunan nata kuwa ba zagi ba ne, kukanta ne aka kwaikwaya, "wa-wa", ko da yake na san mutum biyu da suka dace da sunan ta kowace fuska tun da suka saye ta.

Sai saiti. DS-1 tun 1978 ake ƙera ta, kuma halinta bai canja ba: in ka murɗa TONE ya wuce tsakiya, sai ta koma tsiwa kamar ana goga ƙarfe a kwano. Ajiye shi wajen ƙarfe tara ko goma na agogo. DIST ma kada ka ƙure. Kiɗanku na Agadas yatsu ne ke gudu, ga tsirkiyar sama tana ta amo a ƙarƙashi ba tsayawa. Kaushi in ya yi yawa, zai haɗiye wannan ƙawar duka, ya bar ka da gurnani kawai. A DD-3 kuma, rage F.BACK har maimaicin ya tsaya a biyu ko uku, E.LEVEL ya zauna ƙasa da muryar jitar. In kana son ekon ya taka rawa tare da ganga, lissafin mai sauƙi ne: raba 60,000 da yawan bugun kiɗan a minti ɗaya. Kiɗa mai bugu 120 zai ba ka 500, wato rabin daƙiƙa. DD-3 tana kaiwa 800, ka ga tana da sarari. Amma a filin biki wa ke da lokacin lissafi? Toshe tsirkiya da tafin hannu, ka buga "tak", ka murɗa D.TIME har amsar ta faɗo a kan tafin matan. Shi ke nan.

TAMBAYA: Malam, fiyano nake kaɗawa a wani situdiyo a Kano, kwanan nan na fara koyon jita. Na sayi Boss SD-1 ta hannu. Batir ya ƙare ana tsakiyar aiki, na ga bakin adaftar fiyanona Yamaha ya shiga ramin daidai, sai na jona. Wani wari ya tashi, tun daga nan ko fitilarta ba ta kamawa. Ta mutu ke nan?
Daga mai fiyano, Kano.

AMSA: Ƙanena, sannu. Ka shiga ƙungiya mai yawan jama'a, ni ma ina da kati.

Baki ya shiga rami ba shi ne dacewa ba. Adaftar ƙananan fiyanon Yamaha yawanci bolt 12 take bayarwa, kuma tsakiyar bakinta shi ne mai alamar tarawa. Fedarka bolt 9 take so, kuma tsakiyar bakin ya zama mai alamar ɗebewa. Ka ga ka yi mata laifi biyu a lokaci ɗaya: ka ba ta wuta fiye da ƙima, ka kuma ba ta a juye. Na biyun ne ya fi yin ɓarna.

Kada ka jefar da ita tukuna. Fedoji da yawa suna da ɗan diyod a bakin shigar wuta wanda aka sa don ya mutu a madadin sauran, kamar ɗan rakiya. Sau da yawa shi ne ke ƙonewa, wani lokaci da kafasita ɗaya kusa da shi. Kai ta wurin mai gyaran rediyo mai haƙuri, ba mai gyaran waya mai sauri ba, ka gaya masa ainihin abin da ya faru don ya san inda zai fara dubawa. Kada ka ce "haka kawai ta daina". Kowa haka yake cewa, kuma mai gyara ya san ƙarya ce tun daga warin.

Daga yau, kafin ka jona kowace adafta, juya bayanta ka karanta abu huɗu. Bolt nawa ce? DC ce ko AC? Akwai adaftocin da ke rubuce bolt 9 amma AC suke fitarwa, irin na wasu tsofaffin fedojin Line 6 da DigiTech, kuma waɗannan kashe feda suke yi nan take. Sannan ɗan zanen nan mai ɗigo a tsakiya da rabin da'ira: layin da ya fito daga ɗigon ya tafi ga alamar ɗebewa. Na huɗu shi ne lambar da ke da mA a gefenta, wato yawan wutar da adaftar ke iya bayarwa.

Wannan ta huɗun mutane ke tsoro a banza. Wani zai ce adaftarsa 1000 mA ce, kada ta ƙona feda. Ba za ta ƙona ba. Girman randa ba ya sa ka sha ruwa fiye da ƙishinka. Feda tana jan abin da take bukata ne ta bar saura. Matsala tana zuwa in randar ta yi ƙanƙanta. Feda mai kaushi irin taka abincinta kaɗan ne, da wuya ta kai 10 mA. Ƙananan masu eko na dijital suna cin gomomi, manyan kuwa sukan nemi 300 ko fiye. In za ka rataya fedoji da yawa a adafta ɗaya da wayar nan mai kawuna biyar, tara lambobinsu ka tabbata adaftar ta fi jimlar da rata. Kuma in ka haɗa ta dijital da mai kaushi a waya ɗaya ka fara jin wani siririn fito kamar na sauro, daga nan ne. Maganinsa a raba musu adafta, ko a sayi akwatin wuta wanda kowane raminsa ke zaman kansa.

Nawa katin ga yadda na same shi. Ina saurayi, wani maigidana ya kawo amfilifaya ta hannu daga Amurka, ya ce in kai ta wani otal inda za mu yi wasa da dare. Filoginta mai fiffiken ƙafafu ne, bai shiga soket ba, sai na yanke shi na ɗaura namu, ina jin kaina injiniya. Ban karanta bayanta ba. Can wutarsu bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230. Na kunna, ta yi wani nishi "huuum" na daƙiƙa biyu, hayaƙi mai warin ƙonannen fenti ya biyo ta ramukan baya. Tiransifomar ce ta tafi. Maigidan bai zage ni ba, kallona kawai ya yi ya ce, "Ka gama?" Wata uku ina wasa ba a ba ni ko sisi. Tun daga ranar, duk adaftar da ke cikin jakata akwai alama a bakinta: ta fedoji na shafa mata jan farce, ta fiyano na naɗe ta da farin salatif. Ko a duhu ba na kuskure.

Batir ɗin da ya ƙare maka ma akwai dalili. Muddin waya na cikin ramin INPUT, feda a kunne take tana shan batir, ko fitilarta a kashe. In ka gama, zare.

TAMBAYA: Baba, ni ce ke kula da kayan kiɗa a majami'armu. Amfilifayar jita tana wani ƙugi "zzzz", ya fi tsanani in an ta da janareta. Yaron da ke kula da miksa ya karya dogon ƙarfen filogin, ƙugin ya ragu. Amma yanzu mai jitarmu ya ce makirufo na cizonsa a leɓe in zai yi waƙa. Me za mu yi?
Daga wata 'yar'uwa, Kafanchan.

AMSA: 'Yata, ajiye mujallar nan ki je ki cire wannan filogin daga bango. Kada kowa ya sake kunna amfilifayar sai an sa sabon filogi mai ƙafa uku cikakku. Ba wasa nake ba.

Dogon ƙarfen nan shi ne wayar ƙasa. In wuta ta ɓalle a cikin amfilifaya ta hau jikin ƙarfenta, ta nan take gudu ta shige ƙasa, fis ya tsinke, kowa ya tsira. An karya shi, wutar za ta nemi wata hanya. Tsirkiyoyin jita kuwa a haɗe suke da jikin amfilifaya, akwai 'yar waya a cikin jitar da ke zuwa gadar tsirkiya. Hannun mai jitarku na kan tsirkiya, leɓensa na kan makirufo: shi ne hanyar. Cizon da yake ji gargaɗi ne. A 1972 wani mai jita ɗan Sikotilan, Leslie Harvey, ya mutu a kan dandali a garin Swansea a gaban 'yan kallo, makirufo ya taɓa. A 1976 Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa yana riƙe da jita. Kada ki yi wa yaron miksa faɗa da yawa, a wurin manya ya gani. Amma ya daina.

Yanzu ƙugin. Ba a maganinsa da zato, bin sawu ake yi. Cire fedoji duka, jita ta shiga amfilifaya da waya ɗaya mai kyau. Murɗe maɓallin ƙarar da ke jikin jitar har ƙasa. In ƙugin ya ɓace, to jitar ce ke tsinto shi daga iska. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda muke kira fikof, naɗin siririyar waya ne dubban zagaye, kuma ba tsirkiya kaɗai yake ji ba. Yana jin sitabilaiza, yana jin cajar waya, yana jin ƙwan fitila mai arha da na'urar rage gudun fanka. Mai jitar ya juya jikinsa a hankali kamar mai neman tasha a rediyo, za ki ji wani gefen ya fi shiru. Ku matsar da sitabilaiza nesa da inda yake tsayawa. In jitar samfurin Stratocaster ce mai fikof uku sirara, ya sa makunninta a matsayi na 2 ko na 4. A yawancin na zamani, nan fikof biyu ke haɗuwa su kashe ƙugin juna. Dabarar ke nan da Seth Lover ya yi wa kamfanin Gibson a 1955, ya haɗa naɗi biyu masu saɓani a fikof ɗaya mai faɗi.

In kuwa kin murɗe ƙarar jita ƙugin yana nan, laifin na waya ne ko na wuta. Tun da karya ƙarfen ya rage shi, na fi zargin abu ɗaya: amfilifaya tana soket ɗin wannan bango, miksa tana na wancan, ga kuma waya ta haɗa su. Ƙasa ta zama tana da hanya biyu, sun yi zobe, ƙaramar wuta na kewaya zoben tana kuka. Ku jona amfilifaya da miksa a layin soket guda. In bai isa ba, ku sayi ɗan akwatin da ake kira DI ku sa tsakaninsu, yana da makunni da aka rubuta GROUND LIFT. Shi yana yanke zoben ne ta wajen wayar sauti, ya bar wayar tsaron rai yadda take. Abin da yaronku ya so yi ke nan, ya yi shi a wurin da bai kamata ba.

Janareta kuma a kira mai aikin wuta na gaske ya duba ko an kafa masa sandar ƙarfe a ƙasa an ɗaure, ya kuma gwada soket ɗin majami'ar ya ga ko wayar ƙasa ta iso su. Gine-gine da yawa ramin na uku ado ne kawai, babu komai a bayansa. Wani abin ban sha'awa: wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ƙugin nata murya ce tsayayya, kusa da G ta can ƙasa a jitar bes. Na janareta kuwa yana hawa yana sauka yadda injin ke numfashi. In kin ji ƙugin na lilo, kin san mai shi.

Bayan nan ku mayar da fedoji ɗaya bayan ɗaya, kuna saurare. Wadda ta shigo da ƙara, ita ko wayarta ko adaftarta ce. Za a ce muku ku sayi feda mai toshe ƙara irin Boss NS-2. Tana da amfani, amma rufe ƙofa take yi in an yi shiru. Da an buga tsirkiya ƙofa ta buɗe, ƙugin na nan zaune.

TAMBAYA: Malam, a bayan amfilifayata akwai ramuka biyu, SEND da RETURN. Ban taɓa sa komai a ciki ba. Asara nake yi?
Daga Sabon Zongo, Kumasi.

AMSA: Ya danganta da inda kaushinka ke fitowa, ɗan'uwa. Amfilifaya gida ne mai ɗaki biyu. Ɗakin gaba shi ke gyara murya, nan GAIN da BASS da TREBLE suke. Ɗakin baya ƙarfi kawai yake ƙarawa ya tura lasifika. Ramukan nan ƙofa ce a tsakaninsu: SEND ya fito da sauti daga ɗakin gaba, RETURN ya mayar da shi ɗakin baya.

In kana murɗa GAIN ɗin amfilifaya don ta yi kaushi da kanta, kuma ekonka na gabanta, to kuskuren ɗanmu na Agadas kake yi ba ka sani ba, eko kafin kaushi. Nan ramukan ke da rana: waya daga SEND zuwa INPUT na eko, wata daga OUTPUT ɗinsa zuwa RETURN. Ribab da koras ma can za su. Wawa da masu kaushi su tsaya a gaba.

Masu babbar feda mai komai-da-ruwanka, wadda ita ma ke da nata SEND da RETURN, suna yin abin da ake kira hanyar waya huɗu. Ta ɗaya daga jita zuwa fedar. Ta biyu daga SEND na fedar zuwa gaban amfilifaya. Ta uku daga SEND na amfilifaya zuwa RETURN na fedar. Ta huɗu daga OUTPUT na fedar zuwa RETURN na amfilifaya. Ka ga ɗakin gaban amfilifaya ya zama kamar wata feda a tsakiyar jerin.

Amma in irin kiɗanku na Gana kake yi, jita garau mai ƙyalli, amfilifaya ba ta kaushi, to ba ka asarar komai. Roland JC-120, wadda ta fito a 1975, sunanta ya yi ne a kan wannan tsabtar, kuma dubban mutane sun jera komai a gabanta sun ci abinci. Ni kaina a gidan biki ba na waya huɗu. Kowace ƙarin waya ƙarin wurin da yaro zai yi tuntuɓe ne. Abu ɗaya kawai: kada ka kuskure ramin SPEAKER da SEND. Suna maƙwabtaka, kamarsu ɗaya, kuma na lasifika zai gasa feda.

TAMBAYA: Kawu, ina son shiga cikin taro ina kaɗawa, nan ne ake samun liƙi. Na haɗa waya mai mita 15. Amma sautin ya dushe, ba ya ƙyalli kamar da. An ce in sayi bafa.
Daga Damagaram.

AMSA: Liƙi dai ba a ƙi shi ba. Sautin da ke fita daga jita rarrauna ne, kuma kowace mita ta waya tana satar ɗan kaifinsa. Har mita biyar ko shida ba ka cika lura ba, daga nan sai ka ji kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Bafa tana ƙarfafa sautin yadda doguwar waya ba za ta ci shi ba, amma wayar da ke bayanta kaɗai take karewa. In ka ajiye ta a ƙasa bayan mita 15, ɓarawo ya riga ya wuce. Sai dai ka rataya ƙaramar bafa mai batir a ɗamararka da gajeriyar waya daga jita, doguwar ta biyo baya. Ko ka tara kuɗi ka sayi mara waya, ka huta da masu taka maka igiya.

Kafin ka kashe ko jika ɗaya, ka sani kusan duk ƙananan fedojin Boss akwai bafa a cikinsu, tana aiki ko an taka ko ba a taka ba. Masu alfahari da fedojin da in an kashe su sauti ke wucewa kai tsaye ba tare da ya taɓa komai ba, su ne suka fi bukatarta, don wayoyinsu duka sun zama doguwar waya ɗaya.

Mai ƙin bafa da aka fi sani ita ce tsohuwar faz, wata irin feda mai kaushi, kamar Fuzz Face ta 1966. Ita sai ta ji jita kai tsaye, don haka a farkon jeri take zama. Masu tiransistan jamaniyam a cikinsu kuma ba sa shiri da zafi. Wadda ta yi daɗi da asuba, in ta sha ranar Damagaram ta watan Afrilu, da la'asar sai ka ji tana tari tana shaƙewa. In za ka saya, nemi mai silikon.

TAMBAYA: Ba ni da amfilifaya. Ina da Zoom G1X Four, ina jona ta kai tsaye a miksar masu haya. Kaushin yana fitowa kamar ƙudan zuma a gwangwani.
Daga Gombe.

AMSA: Lasifikar amfilifayar jita ba ta iya fitar da muryoyin can sama sosai, daga wajen kaɗawa 5,000 a daƙiƙa take fara sakewa, kuma wannan gazawar ce ke tace ƙaiƙayin distoshin. Lasifikan masu haya suna da ƙananan ƙahonni masu fitar da komai. Shiga cikin fedar ka sa samfurin amfilifaya da na akwatin lasifika a jerin, bayan mai kaushi, kafin eko, ka kuma kunna saitin MIC na akwatin. Zumar za ta tashi. Ranar da ka sami aron amfilifaya ta gaske, ka tuna ka kashe su, in ba haka ba tacewar ta zama biyu, sauti ya koma kamar daga cikin rijiya. Tana aiki da batir AA huɗu, ka riƙa yawo da su saboda ranar da wutar wurin ta ƙi hali.

TAMBAYA: Tun da hunturu ya shigo, maɓallan fedojina ke ƙarar "ƙyas-ƙyas" in na murɗa. Na ɗiga musu man keken ɗinki, abin ya ƙaru. Kuma suna zamewa a kan siminti in na taka.
Daga Gusau.

AMSA: Mai da ƙura in sun haɗu, kwaɓi suke yi. Nemi feshin wanke kayan lantarki a wurin masu sayar da kayan rediyo, wanda ke bushewa da kansa. Buɗe bayan fedar, ka fesa kaɗan ta 'yar kafar da ke jikin maɓallin daga ciki, ka murɗa shi gaba da baya sau ashirin. Tun da ka riga ka sa mai, sai ka maimaita sau biyu ko uku. Ramukan waya kuma, fesa wa jak ɗin, wato kan wayar, ka sa ka zare sau da yawa. Ni burushin fenti ƙarami nake ajiyewa a jaka, in share su bayan kowane wasa, in rufe da tsohon ɗankwalin uwargida.

Zamewa kuwa, je wurin kafinta ya yanko maka falanki daidai faɗin fedojinka. Ka biya wurin mai gyaran keke ka roƙi tsohuwar sarƙa, ka warware ta, za ka sami 'yan faranti masu rami biyu kamar lamba takwas. Kwance dunƙulen kusurwar ƙasan feda, ka sa rami ɗaya a ciki ka mayar ka ɗaure, ɗaya ramin ka kafe shi a falankin da ƙaramin sukuru. Biyu a kowace feda sun isa, kusurwa da kusurwa. Ka bar tazarar yatsa uku tsakanin feda da feda saboda kan waya, ka tuna kuma ta farko tana hannun dama.